Shamshir ko kilij: wanne ya kamata ka saya?

Duk wanda ya shiga neman lanƙwasashen takobi irin na mutanen da, ko don ya rataya a falo, ko don ya yi wa wani basarake kyauta, ko don yana tara kayan tarihi, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunaye biyu: shamshir na Farisa (Iran ta yau) da kilij na Turkawa. Masu sayarwa da yawa ba su damu da rarrabe su ba, duk abin da ya lanƙwashe sai su liƙa masa sunan da ya fi jawo ciniki. Alhali kuwa takubba ne mabambanta, kuma kowanne da inda darajarsa take. Darajar shamshir a cikin ƙarfensa take, ta kilij kuwa a siffarsa. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin zaɓinsa, domin maƙerin yau yana iya kwaikwayon siffa, amma ƙarfen da aka ƙera tsohon shamshir da shi ba a kan hanya ake tsintarsa ba.

Mu a nan idonmu ya saba da miƙaƙƙen takobi. Wanda mahaya ke ratayawa da hamila ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, haka na Buzaye a Agadas, haka na mutanen Sudan. Jama'a da dama na zaton lanƙwasashen takobi shi ne na Larabawan farko, saboda haka ake nuna shi a zane-zane da fina-finai, amma takubban zamanin Sahabbai miƙaƙƙu ne. Lanƙwasa daga filayen tsakiyar Asiya ta taso, wurin makiyaya mahayan dawaki, Turkawa da dangoginsu. Ta fara shigowa ƙasashen Musulmi tare da sojojin Turkawa da halifofin Abbasiyawa suka tara, musamman Mu'utasim da ya yi mulki daga 833 zuwa 842, sannan ta kafu sosai bayan zuwan Saljuƙawa a ƙarni na 11 da Mongolawa a ƙarni na 13. Yankinmu dai ya tsaya a kan tsohuwar siffa. Ko hulɗar da Mai Idris Alooma na Borno ya ƙulla da Turkawa a shekarun 1570, wadda aka fi saninta da batun bindiga da masu harbi, ba ta lanƙwasa takobin wannan yanki ba. To shamshir da kilij kakansu ɗaya, daga baya ne kowanne ya kama hanyarsa.

A ruwan takobi ake gane su, wato ƙarfen kansa, ba a ƙota ba, ba a kube ba.

Shamshir siriri ne. Faɗinsa a gindi bai cika wuce santimita 3 da 'yan kai ba, daga nan yana ta tsukewa a hankali har ya ƙare da tsini. Tsawon ruwan yakan kama tsakanin santimita 80 zuwa 90. Kusa da ƙota lanƙwasar kaɗan ce, daga tsakiya zuwa gaba ne take yin zurfi ƙwarai, kuma ba ta da gwiwa ko kusurwa a ko'ina, tafiya ɗaya take yi sumul. Kaifinsa ɗaya. Bayansa mai kauri ne, yana sirancewa zuwa bakin kaifi, kuma galibi ba a yi masa kwari a jiki kamar yadda ake yi wa takubbanmu. Ba shi da wani ado na ƙira, da gangan aka bar fuskarsa fili domin a ga zanen da ke cikin ƙarfen. Wannan siffa ta nuna ne a zamanin Safawiyawa, sarakunan Farisa, ta kai ƙololuwa a mulkin Shah Abbas na ɗaya, 1588 zuwa 1629, wanda ya mayar da Isfahan babban birninsa. Daga nan har zamanin Nadir Shah, wanda ya ci Delhi a 1739, har zuwa zamanin sarakunan Ƙajar a ƙarni na 19, siffar ba ta sauya da wani abin a zo a gani ba.

Kilij kuwa, ka dubi ƙarshensa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ta can wajen tsini, maimakon ya tsuke sai ya buɗe, bayan takobin ya ɗan taso ya yi kaifi na biyu. Turkawa na kiran wannan sashe yelman, kuma shi ne shaidar kilij. In babu yelman, ko me mai kanti ya rubuta a jikin takarda, ka yi shakka. Sai dai kilij ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Na farko-farkon Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba), wato na ƙarni na 15 da na 16, dogo ne, lanƙwasarsa 'yar kaɗan, yelman ɗinsa bai cika fitowa ba. Takobin Sultan Muhammadu na biyu, wanda ya ci Kustantiniyya (Santambul ta yau) a 1453, yana nan a fadar Topkapi da ke birnin, kuma irin wannan ne: tsawonsa ya haura mita ɗaya sosai, wanda bai lura ba ma sai ya ce kusan miƙaƙƙe ne. Na baya-bayan nan, na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, wanda masu tara makamai ke kira pala, shi ne gajere mai faɗi. Ruwansa yakan tsaya wajen santimita 65 zuwa 75, faɗinsa ya kai 4 ko 5, yana tafiya kusan a miƙe daga ƙota sannan ya karya gwiwa a tsakiya. Ana feƙe jikinsa ya yi siriri ƙwarai, sai a bar masa wani tudu a gadon baya, ta yadda in da za a datse shi a dubi bakin datsar za a ga siffar harafin T. Wannan tudun ne ke hana siririn ƙarfe mai faɗi lanƙwashewa gefe lokacin sara. Mafi yawan hotunan da za ka gani a intanet da sunan kilij wannan pala ɗin ne.

Me wannan bambanci ke haifarwa a hannu? Shamshir wuƙar mahauci ce, kilij adda ce. Mahauci jan wuƙa yake yi a kan nama, mai adda kuwa saukar da ita yake yi da nauyinta. Saboda zurfin lanƙwasar shamshir, in ya sauka a kan abu ba ya tsayawa wuri ɗaya, zamewa yake yi, kaifin ya bi ta kan wurin yana yanka. Mahayin da ke sukuwa bai buƙatar ya sa ƙarfin damtse, gudun doki ne ke yin aikin, kuma takobin ba ya maƙalewa balle ya fizge masa hannu. A kan tufafi masu kauri da fata da nama babu kamarsa. A kan sulke da kwalkwali kuwa yanka ba ya tasiri sosai, shi ya sa barden Farisa ke tafe da mashi da baka da gatari ko kulki na ƙarfe a gefen sirdi. Kilij ya tara nauyi a gaba, don haka saransa na sauka da ƙarfi, yana yanka yana kuma datsewa. Yelman ɗin yana ba da damar a mayar da hannu a yi sara da baya ba tare da an juya takobi ba, kuma tsinin mai kaifi biyu yana shiga in aka yi suka. Da shamshir ma ana suka, amma sai wanda ya ƙware, domin tsinin ya kauce daga saitin hannu da nisa, sai an murɗa wuyan hannu an zagayo da shi, misali ta bayan garkuwa.

Wajen nauyi ba su da wata tazara, yawancin na ainihi suna ƙasa da kilo ɗaya ko dab da shi. In aka miƙo maka wanda ya kai kilo ɗaya da rabi, ba ƙarfi ne ya yi masa yawa ba, rashin gwanintar maƙeri ne. Inda suka bambanta shi ne inda nauyin ya zauna. Shamshir, duk da sirantakarsa, ƙarfen cike yake ba a rarake shi ba, kuma dogo ne, saboda haka yana jan hannu gaba fiye da yadda ido ke tsammani. Pala mai kyau kuma, duk da faɗinsa, ya fi yadda ake zato sauƙin juyawa, saboda gajarta da kuma feƙewar da aka yi masa. Wanda bai taɓa riƙe lanƙwasashen takobi ba yakan fi saurin sabawa da kilij, don saran da hannunsa ya riga ya sani shi kilij ke so. Shamshir sai an koyi jan hannu, in ba haka ba kaifin ya sauka a karkace.

Ƙota tana taimakawa wajen ganewa, amma ita ce ta fi yaudara. Ta Farisa siririya ce, ɓari biyu na haure ko ƙashi ko ƙaho da aka haɗa da ƙusoshi, ƙarshenta ya karya gefen kaifi an sa masa 'yar hular ƙarfe, sai makarin hannu mai siffar gicciye, galibi na ƙarfe. Ta Turkawan baya kuwa ƙarshenta dunƙule yake, ya lanƙwaso ya tokare ƙaramin yatsa don kada takobi ya suɓuce, yawanci ta ƙaho ce, da 'yar huda da ake zura igiya, makarin hannun kuma dogo ne na tagulla ko azurfa. Matsalar ita ce ruwan takobi ya fi ƙota tsawon rai, kuma ruwan Farisa kaya ne na fatauci da ya zaga duniya. Za ka same shi da ƙotar Turkawa, ka same shi da ƙotar Indiya ta ƙarfe zalla mai faifai a ƙarshe, ka same shi da ƙotar Larabawan Sham ko Najadu mai sarƙar azurfa. Duk waɗannan ba jabu ba ne, haka masu su suka yi amfani da su. Amma ruwan Farisa mai ƙotar Turkawa shamshir ne, bai zama kilij ba. Shi ma kuben yana da tasa alamar: na pala tsage yake ta baya daga baki zuwa ƙasa kaɗan, don in ba haka ba faffaɗan yelman da gwiwar nan ba za su fito ba.

Yanzu sai maganar ƙarfe, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Shamshir na ƙwarai ana ƙera shi da wani ƙarfe da ake dafawa a cikin ƙananan tukwanen yumɓu da aka toshe bakinsu. Ana zuba baƙin ƙarfe da itace ko ganye ko wani abu mai ba da sinadarin gawayi, a hura wuta har ya narke, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali ya zama curi. Kudancin Indiya, musamman yankin Golkonda, ya yi suna wajen wannan, kuma fataken Farisa na zuwa har can su saya. An kuma dafa irinsa a Farisa da tsakiyar Asiya. Sinadarin gawayin da ke cikinsa yakan kai wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wanda ya ninka na takubban yau. Maƙeri zai yi ta bugun curin nan da wuta mai sanyi-sanyi, don in ya bari ya yi zafi fiye da kima abin da ake nema ya narke ya ɓace. Bayan an gama ƙira an goge, sai a shafa masa wani ruwa mai tsami, nan take wani zane ya bayyana, layuka farare da baƙaƙe suna kewaya juna kamar ruwa mai gudu. Shi ake kira jauhar. Ba a saman ƙarfen aka zana shi ba, a cikin jikinsa yake, ko an kankare an sake shafa tsami zai dawo. Tun a ƙarni na 9 malamin nan Alkindi ya rubuta wa halifa Mu'utasim bayani a kan ire-iren takubba da wannan zane nasu, ka ga ke nan abin ya girmi shamshir kansa da ɗaruruwan shekaru.

Masana jauhar suna da sunayen darajoji. Akwai kara khurasan da kara taban, masu duhu da layuka fitattu, su ne na gaba. Akwai sham, mai haske wanda layukansa ke tafiya kusan a miƙe ba su cika fitowa ba, shi ne na ƙasa. Akwai kuma kirk narduban, wato matakala arba'in, inda maƙeri ke yin 'yan tsage-tsage a gicciye kafin bugun ƙarshe, sai zanen ya fito hawa-hawa daga gindi har tsini. A cikin ƙarni na 19 sana'ar dafa wannan ƙarfe ta mutu, ƙarfen masana'antun Turai mai araha ya cika kasuwa. Sai a shekarun 1990 wani masanin ƙarfe a Amurka, John Verhoeven, tare da maƙeri Alfred Pendray, suka nuna cewa wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi da ke cikin tamar asali, irin su banadiyam, su ne ke sa layukan su jeru. Yau akwai maƙera ƙalilan a duniya da ke iya yin sa, kuma aikinsu ba araha.

An yi kilij da wannan ƙarfe shi ma, har akwai masu jauhar na gani na faɗa. Amma a kan kilij ido yakan tafi ne ga tudun baya, ga yelman, ga rubutun zinariya da ke bin jikinsa, kuma da yawa daga cikinsu jauhar ɗinsu na sham ne ko kuma ƙarfe ne zalla. Kilij marar jauhar bai rasa kome daga kilijancinsa ba. Shamshir marar jauhar kuwa ya rasa abin da aka bar masa fili dominsa.

Sunan da za ka fi ji a bakin dillalai shi ne Asadullah na Isfahan, maƙerin da ake dangantawa da zamanin Shah Abbas, sai Kalb Ali da ake cewa ɗansa ne. A kan ruwa za ka ga 'yan da'irori na zinariya, ɗaya ta ce aikin Asadullah, ɗaya ta ambaci Abbas bawan Sarkin Wilaya, wato Sayyidina Ali. Kada wannan ya ɗaga maka hankali ka zuba kuɗi. Takubban da ke ɗauke da wannan suna sun yi yawan da mutum ɗaya ba zai ƙera ba, shekarun da aka rubuta a jikinsu kuma sun bazu a kan fiye da shekara 200. Sunan ya koma tambarin inganci ne tun a wancan zamani, kuma har yau ana ƙara shi a kan tsofaffin ruwa don farashi ya tashi. Ka duba yadda aka sa zinariyar: akwai wadda aka haƙa rami aka dasa, akwai wadda aka kakkarce fuskar ƙarfe aka danna ta a sama. Ta biyun ta fi sauƙi, ta fi saurin goguwa, kuma ita masu ƙarin baya suka fi yi. In zinariya tana ƙyalli sabuwa fil a kan ƙarfen da tsatsa ta ci, ko rubutun ya bi ta cikin ramukan tsatsa, to bayan tsufa aka yi shi.

Rubuce-rubucen kansu abin sha'awa ne ga mai karatun allo. A kan na Farisa ana yawan samun “La fata illa Ali, la saifa illa Zulfiƙar”, da wani ɗan hatimi mai gida huɗu ɗauke da haruffan ba, dal, wau da ha, irin wanda malamanmu na tsibbu suka sani. A kan na Turkawa ana samun “Tawakkaltu alallah”, “Ma sha Allah”, ayar “Nasrun minallahi wa fathun ƙarib” ta Suratus Saffi, wani lokacin har da sunayen Ashabul Kahfi, kuma faɗin pala ya ba marubuci filin jan dogon layi. Wanda zai sayi mai ayar Alƙur'ani ya tuna tun kafin ya biya cewa ya ɗauko wa kansa nauyin inda zai ajiye shi da yadda za a riƙa taɓa shi.

Ta fuskar tarihi kowanne na da abin tunƙaho, ko da yake a karon da ya fi shahara tsakanin daulolin biyu, yaƙin Caldiran na 1514, ba takobi ne ya raba gardama ba: bindigogi da igwa na Sultan Salim na ɗaya ne suka karya dawakin Shah Isma'il. A wurin Usmaniyawa ɗaura takobi shi ne naɗin sarauta, sabon sultan yakan je masallacin Abu Ayyubal Ansari a Santambul a ɗaura masa takobin kakansu Usman, kuma an yi haka har kan sultan na ƙarshe a 1918. Siffar ƙotar Turkawa ta yi tashe a yammacin Turai bayan Napoleon na Faransa ya mamaye Masar a 1798 ya ga takubban Mamlukawa, barden da ke riƙe da Masar a lokacin. Ingila ta mayar da irin wannan takobin janar-janar ɗinta a 1831, hafsoshin rundunar Marine ta Amurka ma sun fara ɗaura shi a shekarun 1820. Shi kuwa kilij na asali ya fara ja baya a gida bayan Sultan Mahmud na biyu ya rusa Janisari, tsohuwar rundunar dakarun sultan, a 1826 ya kafa soja irin na Turai.

To wanne za ka saya? Ya danganta da sabo kake nema ko tsoho.

In sabo ne, ƙirar yau, ni kilij nake ba da shawara ba tare da wani jinkiri ba. Duk abin da ya sa kilij ya zama kilij, yelman, tudun baya, gwiwa, dunƙulalliyar ƙota, maƙeri mai hannu zai iya fitar da shi daga ƙarfen zamani mai kyau, ya ba ka abin da Baturken ƙarni na 18 zai gani ya gane. Daga nesa ma yana cika ido a bango. Ka nemi ire-iren ƙarfen da masana'antu ke sa wa lamba 1060, 1075, 1095 ko 5160, waɗanda aka yi wa wuta da ruwa yadda ya kamata. Wanda aka rubuta masa 440, irin ƙarfen da ba ya tsatsa, na kallo ne kawai, a tsawon takobi yana iya karyewa in aka yi sara da shi. Ka tambayi yadda wutsiyar ruwan ta shiga ƙota: mai faɗi ce da ta bi jikin ƙotar aka dasa ƙusoshi, ko wani siririn ƙarfe ne aka yi wa walda aka ɗaure da noti? Na biyun shi ne ke tsinkewa ruwan ya tashi ya sami na kusa. Ka kuma nemi hoton bayan takobin, domin masu arha sukan yanko siffar kilij daga farantin ƙarfe mai kauri ɗaya tun daga gindi har tsini, ba tudu ba feƙewa, sai ya zama gungumen ƙarfe mai gajiyar da hannu.

Sabon shamshir fa? Yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai ƙarfe zalla, siffa daidai amma fuskar wayam, ko kuma wanda ake tallatawa da sunan ƙarfen Damaskas, mai manyan layuka masu ɗaukar ido. Wannan ba jauhar ba ne. Ƙarfe iri biyu ne aka jera hawa-hawa aka haɗe da wuta aka ninka, kuma ana yin sa da yawa a Indiya da Pakistan. In an yi shi da kyau ba laifi, abin ado ne mai zaman kansa, amma layukansa manya ne masu kaifin iyaka, na jauhar kuwa ƙanana ne, tattare da ɗigo-ɗigo, sai ka matso ka juya shi a haske. Wanda ya biya kuɗin jauhar aka ba shi wannan an cuce shi.

In kuwa tsoho kake nema kuma aljihu zai ɗauka, sai maganar ta juya: shamshir. An ƙera su da yawa na tsawon ƙarni uku, sun bazu daga Indiya har Masar, don haka samun ruwa na ƙarni na 18 ko 19 mai jauhar na gaske ya fi sauƙi, musamman in ba ka nace sai mai ƙotar Farisa ta asali ba. Ruwa mai kyau a cikin ƙotar Larabawa ko ta Indiya ya fi ruwa lami a cikin kuben azurfa. Tsohon pala na kirki ya fi wuyar samu, masu nemansa a Turkiyya da Turai suna da yawa, kilij na ƙarni na 16 kuwa kusan sai a gidajen tarihi irin Topkapi da gidan tarihin soja na Harbiye da ke Santambul. Kuma abin da za ka samu a tsohon shamshir abu ne da kuɗi ba ya sa a sake yin irinsa cikin sauƙi. Kada ka saya da hoto ɗaya. Ka nemi hoton ruwan dab da dab a hasken rana, ka dubi gadon baya ko akwai doguwar tsaga, ka dubi kaifin ko washi ya cinye shi har faɗin ya ragu, ka dubi tsinin ko an taɓa karya shi aka sake feƙewa.

Mai son ya hau doki da shi ranar sallah, duka biyun suna da zobba biyu a kube, hamila za ta ɗauke su, kaifi yana kallon ƙasa. Gajartar pala ta sa bai cika dukan cinyar doki ba. Amma kada a kai tsoho filin hawa, gumi da ƙura da gogar sirdi za su yi masa a yini ɗaya abin da shekara ɗari ba ta yi ba. A sami sabo marar washi. Ni kuma a ganina ranar hawa ranar takobinmu ce miƙaƙƙe da kuben dukawanmu, baƙon takobi ya fi kyau a zaure.

Kafin kuɗi su fita hannu akwai maganar doka. Ƙotoci da yawa na tsofaffin nan hauren giwa ne ko ƙahon karkanda, kuma yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, wadda Nijeriya ke ciki, ta ɗaure cinikinsu tsakanin ƙasashe, in babu takardu kwastan na iya ƙwacewa ko da takobin ya shekara 200. Mai ƙotar ƙahon ɓauna ko ƙashi ko ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Turkiyya tana da doka tun 1983 da ta hana fitar da kayan tarihi, saboda haka wanda ya ga tsohon kilij a babbar kasuwar Santambul kada ya jefa shi a akwati don mai kanti ya ce ba kome. Mazauna Ingila kuma su sani tun 2008 an taƙaita cinikin lanƙwasashen takobi da ruwansa ya kai santimita 50, in ban da tsofaffi da waɗanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya. A jirgin sama ba ya shiga jakar hannu, kuma gara a tambayi kamfanin jirgi da kwastan tun kafin tafiya.

In ya iso gida, yanayinmu ne abokin gabarsa. Da damina laima na kawo tsatsa, kuben fata kuma na riƙe laimar, don haka a riƙa zaro shi lokaci-lokaci, a goge da tsumma mai laushi, a shafa ɗan man keken ɗinki, ban da man girki. Wurin da yatsa ya taɓa a goge nan take. Da hunturu kuwa ƙaho da haure da itacen kube ne ke tsagewa saboda bushewa, kada a rataye shi inda rana ke duka ko iska ke busowa ta taga. Mai tsohon shamshir ya yi wa mutanen gida kashedi musamman: kada kowa ya kai shi wurin mai washi, kada a sa masa sanfefa ko toka ko maganin goge tagulla. Jauhar duhu-duhu yake da asali, kuma gogewa ɗaya da niyyar a sa shi ƙyalli tana rufe zanen, sai an nemo gwanin da ya san yadda ake sake fito da shi.